Shekarar da 'Yata Ta Shiga Ƙaramar Sakandare

A firamaren unguwarmu malama ɗaya ce ke riƙe da aji tun safe har a tashi. Ta san wanda ya zo bai karya ba, ta san wadda ba ta ganin allo in ta zauna a baya, ta san gidan da aka yi haihuwa da gidan da aka yi rasuwa. In ta ga abin da bai yi mata ba, za ta aiko a kira ki, ko ta tare ki a gidan biki ta faɗa miki. Da yaro ya shiga ƙaramar sakandare wannan gatan ya ƙare. Malamai sun haura goma, kowa da darasinsa, ya shigo ya yi kamar minti 40 ya fita, wani ya shigo. Malamin lissafi ya san ta a lissafi, malamar Hausa ta san ta a Hausa, amma babu wanda ya san yarinyar gaba ɗayanta. Wannan nauyin gida yake dawowa, an shirya ko ba a shirya ba. Shi ne babban abin da na gane a shekarar da 'yata ta fari ta yi aji ɗaya a wata makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo a nan Kano.

Kuɗi ne ke fara taɓa gida. A takarda, aji ɗaya ci gaban firamare ne kawai. Tun da aka koma tsarin 6-3-3-4 (shekara 6 firamare, 3 ƙaramar sakandare, 3 babbar sakandare, 4 jami'a) a 1982 aka raba sakandare gida biyu, sannan shirin ilimin bai-ɗaya na matakin farko, wato UBE, da Shugaba Obasanjo ya ƙaddamar a Sakkwato a 1999, da dokarsa ta 2004, suka haɗa shekara 6 na firamare da 3 na ƙaramar sakandare suka zama shekara 9 na karatun dole kuma kyauta. Amma kyautar a kuɗin makaranta ta tsaya. Akwai yunifom, hijabi, safa, takalmi, jaka mai ƙwari, akwatin kayan lissafi, da littafin rubutu na kowane darasi daban, wani darasin ma biyu. Da yake ɗinki ne sana'ata, ni na ɗinka mata kayan, na yi su da yalwa, na bar kalmasa mai faɗi a ƙafar wando. Kafin zango na uku sai da na warware ta. Duk mai kai ɗinkin ɗan aji ɗaya ya gaya wa tela haka.

Waɗannan sau ɗaya ake saye. Mai cin rai shi ne na kullum: kuɗin mota da kuɗin tara. Firamare a ƙafa ake zuwa, sakandare kuwa sai an tsallaka titi an bar unguwa, kuma tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 kuɗin adaidaita sahu bai koma yadda yake ba. Mu matan layinmu da 'ya'yanmu ke makaranta ɗaya muka haɗu muka sami direban da mazajenmu suka san gidansu, muna biyansa a mako. Ya fi sauƙi, kuma hankali ya fi kwanciya da a ce yarinya 'yar shekara 11 ta tsaya bakin titi ita kaɗai tana tare duk wanda ya zo.

A aji shida ita ce monita, ita ke rubuta sunan masu surutu. Da ta shiga aji ɗaya ta koma ƙaramar kowa. Ga firifet a bakin ƙofa suna tare 'yan makara, ga siniyoyi masu aike da sa shara. Ba ta faɗa min komai ba. Abin da na lura shi ne tana dawowa a galabaice, ta faɗa wa tukunya kafin ta cire hijabi, alhali na ba ta abin da zai ishe ta awara ko ɗanwake. In na ce, “Yaya makaranta?” sai ta ce, “Lafiya lau, Umma.” Wannan tambayar ba ta da wata amsa sai wannan. Sai na koma tambayar ƙananan abubuwa: me kika ci da tara, wa kika zauna kusa da ita, wane malami ne bai shigo ba yau. Kuma na gane lokacin da bakinta ya fi buɗewa shi ne ranar tsifa da kitso, tana zaune a gabana ta ba ni baya, ba ta kallon idona ba na kallon nata. A nan na ji cewa wata 'yar aji uku ce ke karɓe mata rabin kuɗin tara da sunan aro. Ban je na yi faɗa da 'yar mutane ba. Malamar ajinsu na samu a keɓe, ita ta san yadda ta kashe maganar ba tare da an gane daga inda ta fito ba.

Sai karatun kansa, wanda a nan ne na fi shan mamaki. Littattafanta tsaf, rubutu kamar an buga, kowane darasi da kwanan wata da layin ja a ƙarƙashin kan magana. Duk wanda ya buɗe zai ce ma sha Allah. Wata rana ina kan keke na ce ta karanta min abin da aka yi musu a kimiyya, ta karanta Turancin tiryan-tiryan. Na ce, “To rufe littafin, faɗa min da Hausa.” Ta yi shiru, can ta ce, “Umma, ai Malam cewa ya yi mu kwafa.” Riga ce aka yi wa aiki a wuya alhali ba a haɗa gefenta ba. A firamare malama kan faɗa da Turanci ta maimaita da Hausa har sai an gane. A nan kuwa malami na da azuzuwa da yawa, kowane aji cike, ga manhaja da ake so ya ƙare kafin jarrabawa. Ya cika allo, a kwafa, a kaɗa ƙararrawa. Ban ga laifinsa ba, amma 'yar tawa ce.

Daga ranar muka kafa doka: kowane dare darasi ɗaya za ta zaɓa ta koya min shi da Hausa, littafi a rufe. Ba sai uwa ta iya Turanci ko kimiyya ba kafin ta yi wannan, ina so a ji ni da kyau. Aikinki ki saurara, inda ba ki gane ba ki ce ba ki gane ba. Yaron da ya fahimci abu zai iya faɗarsa da harshen da yake mafarki da shi, wanda ya haddace kawai zai tsaya cak. Ranar da aka yi musu darasin cewa abu kan kasance sandararre ko ruwa-ruwa ko iska, madafa muka shiga: ga ƙanƙarar da nake sa wa zoɓo, ga ta ta narke, ga tururi na tashi daga tukunya. Lissafin rabi da kwata kuwa da tef ɗin awo da yadi muka yi shi, ina ba ta kwancen atamfa ta auna min yadi ɗaya da kwata, ta rage rabi, ta faɗi abin da ya saura. Inda na tsaya shi ne lokacin da ta zo tana tambaya, “Umma, me ya kawo haruffa cikin lissafi?” Wannan Abbansu ya karɓa, yakan zauna da ita bayan isha'i in ya dawo daga kasuwa. Mun sayi fitila mai caji saboda wannan zaman kawai, don ba a dogara da wutar lantarki.

Wani abin da iyaye da yawa ba su sani ba: jarrabawar ƙarshen zango ba ita kaɗai ce maki ba. Gwaje-gwajen tsakiyar zango, aikin gida da duba littafi suna ɗaukar maki 30 ko 40 cikin 100, ya danganta da makaranta. Zangon farko kuma a ƙarshen damina yake farawa, daidai lokacin da zazzaɓin cizon sauro ke kwantar da yara. Yaro ya yi kwana uku a gida, an yi gwaji biyu ba shi, babu wanda zai neme shi. In ya kwanta, a kira malamin aji a ranar, in ya warke a bi a tambayi abin da ya wuce shi.

Sakamakon zangon farko ya zo, yarinyar da ba ta wuce sahun gaba a firamare sai ga ta a tsakiyar aji. Ta shigo da takardar a naɗe, idonta ya yi ja. Ran Abbansu ya ɓaci, na roƙe shi ya bari sai da daddare mu duba tare. Muka bi darasi-darasi: Hausa, Larabci da addini ta yi kyau ƙwarai, inda ta faɗi duk darussan da ke buƙatar dogon bayani da Turanci ne. Ke nan ba wasa ta yi ba, harshe ne ya tsaya mata, ga kuma ajin ya tara zaƙaƙurai daga firamare daban-daban. Da mun tsaya a kan “ta nawa ta zo” da duka za ta sha a kan abin da ba lalaci ba. Da safe ya kira ta ya ce, “Mamana, wannan zangon na koyon hanya ne, na gaba nake jira.” Sunan mahaifiyarsa gare ta. Na ga yadda kafaɗunta suka sauka.

Lokaci ma sai da muka sake raba shi. Ta dawo bayan azahar, ta ci abinci, la'asar ta tafi Islamiyya sai dab da magariba, ga hadda, ga aikin gida na boko. In aka ɗora mata wanke-wanke, shara da rainon ƙanne yadda aka saba ɗora wa 'yar fari, a aji za ta rama barcin. Na mayar da wanke-wanken rana da ɗebo ruwa kan ƙannenta maza. Kakarsu ba ta so ba, ta ce ba a raba 'ya mace da madafa. Na ce, “Hajiya, ba raba ta na yi ba, Alhamis da Juma'a da babu Islamiyya ita ce da girkin dare.” A haka muka daidaita, kuma tuwonta yanzu ba ya gudaji.

Akwai maganar da ta fi min nauyi. Shekarun nan ne jikin yarinya ke sauyawa, kuma al'ada kan iya zo mata tana tsakiyar aji. Ita 'yar fari ce, ko sunanta ba na kamawa, balle in zaunar da ita a kan wannan. Alkunya abu ne mai kyau, ban yarda a yar da ita ba. Amma iyayenmu da suka yi alkunya suna zaune ne a babban gida, ga kaka, ga goggo, ga matan baffanni, wata za ta ja yarinya ɗaki ta yi mata bayani. Mu yanzu kowa na gidan haya shi da 'ya'yansa. In uwa ta yi shiru, ƙawaye da waya ne za su yi bayanin. Don haka na je takanas na sami goggonta na ce, “Yaya, 'yarki ta girma, ke za ki yi mata magana.” Ta ɗauke ta hutun ƙarshen mako. Hukuncin wanka da sallah da azumi an koya musu a Islamiyya, abin da goggo ta ƙara shi ne na zaman duniya: audugar mata a ƙaramar jaka cikin jakar makaranta, wace malama za ta samu, kuma ba ciwo ba ne ba abin tsoro ba. Ni kuma na riƙa saka audugar a jakar ba tare da na ce komai ba, ta gane na sani. Uwa in ta je makarantar 'yarta, ta leƙa banɗaki ta ga ko akwai ruwa da ƙofa mai rufuwa. Yarinyar da ba ta da inda za ta gyara jikinta gida za ta zauna duk wata, ta ce miki ciwon kai.

Waya ba mu saya mata ba. In an ba su aikin da sai an duba intanet, tawa take ɗauka, a tsakar gida, ina wurin. Ƙawaye kuwa ban hana ba, cewa na yi su riƙa zuwa nan su yi aikin gida tare. Na san fuskokinsu, na san iyayen biyu daga ciki, kuma ina jin hirarsu ta saman ƙarar keke.

Malamin aji shi ne mutum ɗaya tilo da ke da rajistar yaronki, shi ke haɗa sakamakonsa. A je a gaishe shi a makonnin farko tun babu matsala, a karɓi lambarsa, a faɗa masa in yaro na da sikila ko asma ko raunin gani. Taron iyaye da malamai ma a daure a je, iyaye maza musamman, domin a nan ake yanke maganar kujeru, ruwa da kuɗaɗen da gobe za a aiko a ce a biya.

Aji ɗaya ana ganinsa kamar wasa saboda babbar jarrabawa na da nisa. Ba ta da nisa. A ƙarshen aji uku akwai jarrabawar kammala ƙaramar sakandare, wato BECE, wadda hukumar jarrabawa ta NECO ke shiryawa, jihohi ma na shirya tasu, kuma tambayoyinta tun daga karatun aji ɗaya suke farawa. A nan Kano akwai kuma jarrabawar shiga makarantun kimiyya, irin su Dawakin Tofa da Dawakin Kudu na maza da aka buɗe a 1977, da ta 'yan mata ta Garko, inda lissafi, Turanci da kimiyya ke raba gardama. 'Yata ta ce can take so. Saboda haka littattafan rubutunta na aji ɗaya ban bari ko ɗaya ya tafi wurin mai ƙosai ba; na ɗaure su darasi-darasi na sa a akwati, za ta buƙace su a bitar aji uku.