Littafin kuɗi ba na rabawa ba ne, ƙannena

Akwai wata ɗabi'a da mu masu karatun littafi a waya muka mayar ba komai ba, wato fitar da littafin kuɗi. Marubuciya ta ce littafinta naira 500 ne, mutum ɗaya ta biya a saka ta a guruf, kafin gari ya waye ya zagaye WhatsApp da Telegram kyauta, har ana yi wa wadda ta fitar addu'a wai Allah ya saka da alheri hajiya, Allah ya ƙara buɗi. To ni nan na daɗe ina karɓar wannan addu'ar, shi ya sa nake so ku ji daga bakina.

Lokacin ina admin a wani guruf na masu karatun littafi, duk shafin da aka saki ni ce ta farko wajen turawa, kuma wallahi a raina gani nake taimako nake yi, ai tallata marubuciyar nake. Sai wata marubuciya da nake mutuwar son rubutunta ta tsayar da littafi ana tsakiyar daɗi, ta biyo ni ta firabet da muryarta. Ba zagi ba tsinuwa, da ma ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Cewa ta yi da babban yatsa take taifin a wata tsohuwar waya mai fasasshen gilashi, sai yara sun yi barci ta gama wanke-wanke take samun zama, in babu wuta ta aika wayar caji shago, kuma kuɗin nan da nake gani ƙalilan da shi take haɗa kuɗin makarantar yaran. Na ce Anti ai talla nake miki. Ta ce to ƙanwata cikin waɗanda kika tura wa, mutum nawa suka zo suka biya? Na yi tsit, don na san amsar.

Abin da ban gane ba a lokacin shi ne mata marubutan nan da jiɓin goshi suka ƙwaci wurin zamansu. Sai a 1980 aka buga So Aljannar Duniya na Hafsat Abdulwahid a Zariya, shi ake lissafawa a matsayin ƙagaggen labari na farko da mace ta wallafa da Hausa, ku duba fa, tun 1930 da wani abu maza ke fitar da nasu. Balaraba Ramat Yakubu tana ƙarama aka cire ta daga makaranta aka yi mata aure, amma ta zo ta rubuta Alhaki Kuykuyo Ne wanda har aka fassara shi zuwa Turanci aka buga a Indiya a 2012. Da yawansu da kuɗin aljihunsu suke bugawa su kai wa 'yan kasuwa bashi su yi ta sintirin karɓa. Ga gori, ana cewa su ke lalata tarbiyyar 'yan mata, har ƙona littattafai aka yi a Kano a 2007. Yanzu waya ta zo ta rage musu wahalar maɗaba'a, sai kuma mu masoyansu muka zame musu ƙarfen ƙafa.

Don haka in ba ki da kuɗin, ki haƙura ki karanta na kyauta, suna nan birjik a Wattpad, ko ki yi wa mai shi magana, wasu in kin faɗi gaskiya za su saka ki haka nan. In kin biya kuma, ke kaɗai kika biya wa, ban da ƙawarki da 'yar ajinku da matar yayanki. Masu karantawa a YouTube ku ma ku nemi izini tukunna, ku yi ciniki.

Sai maganar sharhi. Nima da ba abin da na iya sai "Anti yaushe za a ci gaba" da tura hoton wuta guda biyar. Ki zauna ki faɗa mata inda labarin ya taɓa ki da inda kika ga ya yi sanyi, cikin ladabi. Kuma don Allah a daina tambayar mace ko labarin gidanta ne ta rubuta don kawai akwai kishiya ko saki a ciki, wannan tambayar ta sa wasu mazan sun hana matansu rubutu gaba ɗaya. Masu rubuta batsa kuwa ban ce ki ba su sisinki ba, amma kar ki yi wa kowa kuɗin goro.

In kuma kina da ƙanwa mai ɓoye littafin rubutu a ƙarƙashin katifa, kar ki ɗauko ki karanta a tsakar gida ana dariya. Ki saya mata data, ki nuna mata gasar Hikayata ta BBC Hausa da aka fara a 2016 domin mata zalla, ki taya ta duba ƙa'idojin rubutu kafin ta tura, don kuskuren raba kalma da haɗe ta kaɗai yana iya sa alƙali ya ajiye labari mai kyau.