Ƙofar wa?

Shekara uku ke nan ina riƙe wa kawuna lissafi a shagonsa na injinan ban ruwa a Sakkwato. Daga Guangzhou ta ƙasar China kayan ke zuwa, masu saye kuwa manoman albasa ne na fadamun Goronyo da Wurno, mutanen da lokacin dashe ba ya jiransu.

Karon farko ni na matsa a ɗauko daga tasha zuwa tasha, wato daga tashar jirgin ruwa ta can zuwa ta nan, don na ga arha a takarda. Kwantena mai ƙafa 20 ta sauka tashar Apapa a Legas lafiya, a nan kuma aikin kamfanin jirgi ya ƙare, namu ya soma. Ga harajin Kwastam, ga kuɗin tasha, ga kuɗin ajiya da ake riƙewa har sai an mayar da kwantena. Ejan ɗin fitar da kaya da muka samu a waya ya shiga wasan ɓuya, kwanakin kyauta suka ƙare, damarej, wato tarar jinkirin kwantena, ya fara hawa kullum garin Allah ya waye. Abin da ban taɓa sakawa a lissafi ba shi ne akwatin kansa. Tirela ta yi tafiyar kusan kilomita 1,000, ta Jebba da Kontagora da Yauri, aka sauke kaya, sannan muka biya ta koma Legas da kwantena fanko. Kafin injinan su iso, rabin manoman sun saya a wani wuri.

Sai na rantse daga yau sai ƙofa zuwa ƙofa. Kuɗi ɗaya za ka biya gwargwadon girman kayanka, su ji da jirgi da Kwastam da mota. Na yi barci har da minshari. Ran nan sai ga waya, wai kaya sun iso, mu zo mu kwasa a sito a Kano. Kawu ya ajiye carbinsa, ya dube ni ta saman tabarau.

"Ɗana, da suka ce ƙofa, ka tambaye su ƙofar wa?"

Ban tambaya ba. Mu muka biya mota daga Kano, muka kuma gano takardun Kwastam ba da sunanmu suka fito ba, tunda an haɗa kayan mutane da yawa a kwantena ɗaya. Duk shingen da aka tsayar da direba sai gabana ya faɗi.

Yanzu in kayan 'yan kwalaye ne, ƙofa zuwa ƙofa nake bi, amma sai an rubuta Sakkwato da adireshin shago a yarjejeniya, a kuma ba ni kwafin takardar biyan haraji. In kwantena ce cike, tasha zuwa tasha ya fi mana sauƙi, da sharaɗin na buɗe Form M, takardar izinin shigo da kaya, a banki tun kafin a yi lodi, ni kuma in tare a Legas mako guda kafin jirgi ya iso. Odar rani kuwa tun watan Yuli nake turawa, ana tsaka da damina.