Tarihin Rayuwata, Kashi na 17: Karatun Ɗana da Harsuna Biyu

A makon jiya na tsaya a inda Yaya ya yanke shawarar cewa ni ne zan koma birnin Guwangzu na ƙasar Sin da zama, domin kayan gyaran babura da muke saro wa shagonmu na Babbar Kasuwar Maraɗi sun yi yawan da bai kamata a ci gaba da barin su a hannun dillalai ba. A shekarar 2013 ke nan. Maganar da ta fi ɗaukar lokaci a gidanmu kafin tafiyar ita ce ta karatun babban ɗana, wanda a lokacin yake da shekara shida, an riga an rubuta sunansa a lakol, kuma yana zuwa makarantar allo safe da yamma.

Hajiya ta so a bar mata yaron a Maraɗi. Baba kuwa, Allah ya jiƙansa, bai hana ba, sai dai ya kira ni zaure bayan sallar isha'i ya tambaye ni da wane harshe za a koyar da jikansa. Na ce, “Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, akwai makarantun firamare na ƙasa da ƙasa da ake karɓar ƴaƴan baƙi, rabin karatun da Ingilishi, rabi da Mandarin, wato harshen da Sinawa suke karatu da aikin hukuma da shi.” Ya yi shiru, sannan ya ce ashe kamar madarisa ce ta faranko-arab, inda ake raba wa yaro yini tsakanin Faransanci da Larabci. Gaskiyarsa ne, kuma mu a Nijar abin ba baƙo ba ne, tunda tun 1973 aka fara gwajin koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram. Bayan haka ya ɗora mani sharaɗi ɗaya: kada allon yaron ya bushe.

Da muka isa na tarar akwai makarantar Faransa a birnin, kuma ita ce ta fi dacewa da wanda yake da niyyar komawa Nijar. Na bar ta da gangan. Mutumin Maraɗi yana da Jibiya da Katsina da Kano a ƙofar gidansa, kasuwancinsa ba ya rabuwa da Ingilishi, takardun kwantena da na jirgin ruwa da Ingilishi ake rubuta su, masu masana'antar da muke saye a wurinsu kuma ba su sakin jiki da mutum sai da harshensu. Na ga yadda manyan alhazanmu, masu dukiyar da ta fi tawa nesa ba kusa ba, suke zaune a gaban mai masana'anta suna jiran tafinta ya gaya musu abin da ya ga dama, kuma ban so ɗana ya gaji wannan zaman ba.

Tsarin makarantar da na sa shi, mai Ingilishi da Mandarin, shi ne kowane aji yana da malamai biyu, ɗaya mai Ingilishi, ɗaya Basiniya, kuma kowannensu ba ya yi wa yara magana sai da harshensa. Abin da ya bambanta ta da darasin harshe na awa ɗaya ko biyu a mako shi ne, da harsunan ake koyar da sauran darussa. Kimiyya da karatun labarai da Ingilishi ake yin su bisa manhajar Cambridge ta Birtaniya, wani sashe na lissafi da waƙa da zane kuma da Mandarin, ta yadda yaro zai riƙa amfani da harshen domin ya samu abin da yake buƙata a aji, ba domin ya ci jarrabawa kawai ba. Watannin farko ɗana ya kusan zama bebe a makaranta, yana dawowa gida a gajiye, har mahaifiyarsa ta fara cewa a mayar da shi wurin Hajiya. Malaman suka ce mu yi haƙuri, yawancin yaran da suka zo da wani harshe haka suke fara sauraro kafin bakinsu ya buɗe. Kafin ƙarshen shekarar kuwa shi yake yi wa mahaifiyarsa cinikin kayan miya a unguwar Xiaobei, inda ƴan Afirka suka fi yawa. A ganina kunnen Bahaushe ya taimake shi, domin Mandarin harshe ne mai karin sauti huɗu, Hausa ma da hawa da saukar murya take bambanta kalmomi, abin da ya wahalar da ƴan ajinsa da suka zo daga Turai.

Rubutu ne inda aikin yake. Ana fara wa yara da pinyin, wato rubuta sautin Mandarin da haruffan boko, tsarin da ƙasar Sin ta amince da shi a 1958, daga nan a shiga ainihin haruffan Sinanci, waɗanda kowanne sai an haddace siffarsa. Littafin aikinsa na gida yana da gidaje masu kusurwa huɗu, kowane gida an raba shi huɗu da ɗigo-ɗigo, kuma dole ya ja kowane layi bisa tsari, na sama kafin na ƙasa, na hagu kafin na dama, ya maimaita harafi ɗaya har layin ya cika. Manhajar gwamnatin Sin tana so ɗan ƙasa ya gane haruffa kusan 3,000 kafin ya gama aji shida, ya iya rubuta 2,500. Yaron da aka raba masa yini biyu da wuya ya kai nan, kuma makarantar ta gaya mana haka tun farko, amma abin da ya samu ya ishe shi karatu na gaske.

Na tabbatar da haka a wani hutu da muka zo gida yana aji biyar. Yaya yana zaune a shago, yara suna sauke kwalayen da suka iso ta Kwatano, sai ɗana ya tsaya a kan wani kwali yana bin rubutun jikinsa da yatsa. Ya ce, “Baba babba, wannan fistin ba na babur ɗin da aka rubuta a rasit ba ne, na ƙaramin inji ne.” Aka farke kwalin aka auna, aka tarar haka ne. Yaya ya sa shi ya kira mai masana'antar a waya nan take, kuma yaro ɗan shekara goma sha ɗaya ya yi bayanin da ya sa aka musanya mana kayan.

Duk da haka, wanda yake tunanin sa ɗansa a irin wannan makaranta ya kamata ya san abin da ba za ta ba shi ba. Ba ta koyar da Alƙur'ani, don haka muka haɗa kuɗi da wasu iyalai ƴan Nijar da Najeriya muka ɗauki malami yana biya wa yaranmu karatu ranakun Asabar da Lahadi. Juma'a ranar karatu ce, ranar Sallah sai an nemi izini, abincin rana kuma daga gida yake tafiya da shi saboda halal. Hausa ma a wuyan iyaye take, shi ya sa muka kafa dokar cewa da zarar an shigo gida ba a yin wani harshe. Kuɗin makarantar yana da nauyi ƙwarai, kuma a nan ne na ga iyalai da dama sun yi asara, domin sukan sa yaro shekara ɗaya ko biyu, kasuwa ta ja baya su cire shi, bayan ɗan lokaci Mandarin ɗin ya gudu kamar ba a taɓa yi ba. Harshe biyu ba sa zama a kan yaro sai an ba su shekarun firamare gaba ɗaya, don haka nake gaya wa duk wanda ya nemi shawarata ya lissafa kuɗin shekara shida kafin ya biya na zangon farko.

Yau da matatar mai ta SORAZ take aiki kusa da Damagaram tun 2011, aka kuma ja bututun mai daga Agadem zuwa gaɓar tekun Benin tare da Sinawa, sannan dokar ƙasar Nijar ta 2025 ta sanya Hausa harshen ƙasa, ta ajiye Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, mutane da yawa suna ce mani na yi hangen nesa. A 2019 da muka dawo Maraɗi ba haka ake faɗa ba, domin yaron da ya iya Ingilishi da Mandarin da Hausa ya tsaya a gaban daraktan kwaleji bai iya haɗa jimla ɗaya da Faransanci ba, ga jarrabawar BEPC ta kammala kwaleji tana jiransa nan da shekara huɗu. Yadda muka yi da wannan matsala shi ne abin da zan kawo a mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.