Ragar waya: a mahaɗa ake gane ta gari

Bara da kaka wata Hajiya da na ƙera wa kejin kaji ta aiko a kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Malam, zo ka ga aikinka." Damina biyu kacal kejin ya yi. Na durƙusa na taɓa ragar ƙasa, inda kashin kajin ke zuba, sai waya ta ɓalle a hannuna kamar tsinken tsintsiya. Jikin wayar kuwa yana nan da haskensa. Tsatsar duk a mahaɗa take: duk inda waya ta gitta waya ya yi ja, ɗigo-ɗigo, layi bayan layi. Na ce, "Hajiya, ki yi haƙuri, zan canja miki, ba za ki biya ko kwabo ba." Ni na sayo ragar, kuma sauƙin kuɗinta ne ya ja ni. Araha ba ta ado.

Abin da ya fi damuna shi ne na san dalili tun kafin in miƙe tsaye. Shekara 17 ina walda, kuma tun ina yaron shago na taɓa raka maigidana ɗauko kaya a wata masana'anta da ke wajen Legas, inda na ga yadda ake yin ragar nan da idona.

Ƙarfen yana zuwa ne a naɗe, ƙaton gammo wanda sai inji ke iya ɗaga shi. A kankare ɓawon da ke jikinsa, sannan a ja shi ta wani rami mai siffar mazurari, bakin shiga da faɗi, bakin fita a tsuke. Ba a gasa shi, da sanyinsa ake ja. Duk ramin da ya wuce sai ya ƙara siranta, ya ƙara tsawo, ya ƙara tauri. Daga nan a miƙar da shi, a jera wayoyin tsaye gefe da gefe kamar masaƙi ya yi wadari. Injin ya saki waya guda a gicciye, haƙoran tagulla su sauko su danne kowace mahaɗa lokaci guda, a saki wuta. Ba sandar walda irin tamu, ba abin da ake ƙarawa. Wutar lantarki ce ke shan wuyar wucewa a ɗan wurin da wayoyin biyu suka taɓa juna, wurin ya yi zafi ya narke, matsi ya sa su nutse cikin juna. Kafin ƙiftawar ido an gama, ragar ta matsa gaba, wata wayar ta faɗo. Na daɗe a tsaye ina jin bugun nan, kwas, kwas, kwas, ina lissafin kwanakin da zan yi kafin in ɗiga mahaɗa dubu da hannu.

To ga inda kejin Hajiya ya samu matsala. Abin da ke kare ƙarfe daga tsatsa shi ne tutiya, kuma hanya biyu ake bi. Wasu sukan shafe wayar da tutiya tun farko, sannan su yi mata walda. Ƙarfe ba ya narkewa sai zafi ya kai wajen digiri 1,500, ita kuwa tutiya tana kai 907 take tafasa ta tashi. Ke nan duk mahaɗar da wuta ta taɓa, rigarta ta ƙone. Wasu kuma sai sun gama walda su tsoma fallen gaba ɗaya a kwamin narkakkiyar tutiya mai zafin kusan digiri 450, ta shiga kowane lungu ta rufe. Ta biyun ta fi tsada, ta fi nauyi, jikinta da ɗan kaushi, kuma za ka ga tutiya ta taru a kusurwar mahaɗa kamar an ɗiga dalma. Ta farkon sumul take, ta fi kyau a ido, amma ka duba da kyau za ka ga ɗan baƙin tabon ƙuna. A shago, a rataya kayan waya ko takalma a jikinta, za ta yi shekaru lafiya. A ƙarƙashin kaji, cikin laima da kashi mai cin ƙarfe, ba ta da kwana.

Sai maganar kauri, wadda ita ma ake cutar mutane da ita. Ragar da magina ke shimfiɗawa a daɓen kankare, wadda kowa ke kira BRC (sunan wani tsohon kamfanin Ingila ne ya bi ta), tana da ƙa'ida. Mai lamba A142 wayarta milimita 6 ce, tsakanin waya da waya santimita 20, cikakken falle kuma mita 4.8 ne da 2.4, nauyinsa kilo 25 da ɗoriya. In aka yi ta da waya mai milimita 5, ido ba zai gane ba, amma fallen bai kai kilo 18 ba. Milimita guda ya tafi da kusan kashi 30 cikin ɗari na ƙarfen. Shi ya sa yanzu in zan shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano sayen raga, ma'aunin kauri na aljihuna, filaya na ɗaya aljihun. Nakan kama wayar gefe in murɗa. In waldar ta kama, wayar za ta lanƙwashe mahaɗar na nan. In ta ɓalle da ƙara, ta bar wuri fes, sai in yi sallama in yi gaba.

Ina roƙon magina abu ɗaya: ku daina shimfiɗa ragar a kan ƙasa kuna zuba kankare a kanta. A ɗaga ta da biskit, wato 'yan ƙananan dunƙulen siminti, ta zauna a cikin kankaren, kuma falle ya hau kan falle a ɗaure. Ragar da ke kwance a turɓaya ba ta hana daɓe tsagewa, tsatsa kawai take jira.

Akwai kuma ta shinge. Lanƙwasar nan da kuke gani a jikin koren shingen makarantu da gidajen mai ba ado ba ce, ita ke ba fallen ƙarfin tsayuwa. Mai suna 358, wadda ake kewaye gidajen yari da ita, idonta inci 3 ne da rabin inci, yatsa ba ya shiga balle a taka a haura, bakin almakashin ƙarfe ma ba ya samun wurin kamawa.

'Yan'uwana masu walda, farin hayaƙin da ke tashi in ka ɗora wuta a kan raga mai tutiya shi ne ke kawo zazzaɓin nan na dare, da rawar sanyi da ɗacin baki. Na sha fama da shi. Ku goge wurin da giranda tukuna, ku yi aikin a fili, iska na kaɗa hayaƙin nesa da fuska.

Da na sake wa Hajiya ragar, wadda aka tsoma bayan walda na sa, mai waya milimita 3. Ban ɗiga mata wuta ko sau ɗaya ba, na huda firam ɗin na kama ta da ƙananan maɗauri da noti, bakin da na yanka kuma na shafa masa fenti. Makon jiya na bi ta gidan, bayan ruwa ya ɗauke. Na sa yaro ya kankare kashin da itace, na bi mahaɗun ɗaya bayan ɗaya da farce, ban samu ja ko guda ba. Hajiya ta ce in auna mata wurin keji na biyu.