Kujerar hutawa mai naɗewa: inda aiki ya kai a mako na uku

Assalamu alaikum 'yan uwa masu koyon kafinta. Yau mako uku ke nan da na fara kujerar nan ta Baba, kuma jiya da la'asar ta tsaya da ƙafafunta a karon farko. Da saura, amma ga inda aka kwana.

Ga wanda bai san irinta ba, firam uku ne da ke shiga cikin juna, in an naɗe su kwanta kamar allo, mazaunin kuwa yadi ne guda mai tsawo da aka kafe sama da ƙasa. Asalinta kujerar jirgin ruwa ce, wadda fasinjoji ke shan iska a kanta a saman jirgi. Wani Bature, John Thomas Moore, ya yi rajistar tasa ƙirar a 1886, ya riƙa ƙera ta a garin Macclesfield na Ingila. Ni dai ciwon bayan Baba ne ya kai ni gare ta. Zaman tabarma ya fara yi masa wuya, kujerar roba kuma ba ta barin mutum ya kishingiɗa.

Madaci na saya a 'Yan Katako na Na'ibawa, aka tsaga mini inci biyu da inci ɗaya. Firam ɗin jingina inci 52, na mazauni inci 42, ɗan ƙaramin da ke tokare baya inci 24. Na bar katakon ya sha iska kwana goma a zaure kafin in taɓa shi, duk wanda na ga yana da ido ko ya ɗan karkace na ware shi. Wannan ɓangaren bai ba ni wahala ba.

Wahalar tana wajen huda. Na auna kowace ƙafa ita kaɗai da tef, na sa alama da fensir, na huda ɗaya bayan ɗaya. Da na ɗaura bol na tsayar da kujerar sai ga ƙafar hagu tana reto, ba ta taɓa ƙasa ba. Na zo naɗewa ta cije a rabi. Na kwance na jera ƙafafun biyu, ashe bambancin hudojin bai wuce kwatan inci ba, amma a nan ne kujerar ke juyawa, saboda haka kafin ya kai ƙarshen katako ya zama babba. Ranar raina ya ɓaci ƙwarai, don da hannu na goge waɗannan katakan.

Na kwashi kayan na kai wa wani dattijon kafinta a unguwarmu. Ya juya su a hannu, ya ce, “Yaro, ai waɗannan tagwaye ne, tare ake huda su.” Na ce, “Baba, in na toshe ramin da gam da ɗan itace fa?” Ya girgiza kai, ya ce nan ne nauyin mutum ke taruwa, kada in yarda. Na yanko sababbi biyu, na haɗa su fuska da fuska, na matse, na huda sau ɗaya. Ya kuma nuna mini in fara huda wani guntun katako a miƙe, in ɗora shi a kai, ya zama jagora don kada bakin diril ya karkata. Bol mai milimita 8 na sa, da wosha tsakanin katako da katako don kada su riƙa cin juna, sannan noti biyu a baya, ɗaya ya danne ɗaya.

Sai haƙoran da sandar tokari ke faɗawa. Guda uku na yi a kowane gefe, inci uku tsakaninsu. Na fara huda rami, sannan na bi da zarto na buɗe bakinsa, zurfin bai kai rabin faɗin katakon ba. Don Allah ku kula da nan. Bakin haƙorin ya zama a karkace yadda nauyi zai ƙara tura sandar ciki. In ta kuɓuce, kujerar rufewa take yi kamar almakashi, kuma daidai wurin mutum ke ajiye yatsunsa. Gidanmu akwai yara, shi ya sa na ɓata yini guda a kan haƙora shida.

Atamfa ba za ta ɗauki wannan aiki ba, yadi mai kauri irin na rumfa na nema, faɗin inci 18. Ban kai wa tela ba sai da na matse shi a jikin kujerar na zauna. Da farko ya yi tsawo, na lotsa ciki har sandar gaba ta tokare mini cinya. Na rage inci uku, zama ya yi daɗi, na kuma san yadin zai ƙara saki in an jima ana zama. Na ce wa telan, “Malam, layi biyu za a bi, da zare mai ƙarfi.” Ya yi mini aljihu sama da ƙasa inda sanduna za su shiga, yadda za a iya zare yadin a wanke.

Saura samfefa da kashe kaifin gefuna, musamman sandar gaba. Banish kuwa zan jira ƙurar hunturu ta lafa, don manne masa take yi tun bai bushe ba. Baba ya riga ya zaɓi wurin da za a ajiye ta, gindin darbejiyar ƙofar gida, kuma in Allah ya yarda ranar Juma'a bayan an sauko masallaci zai gwada ta, ina tsaye a bayansa riƙe da jinginar.