Abin da ƙwaro mai farauta ke komawa ci idan abincinsa ya ragu

Darasin da ya fi zama a raina daga karatun yaƙi da ƙwarin gona ta hanyar sakin ƙwari masu farauta shi ne cewa yawan cin mafarauci ba shi ne abin dubawa na farko ba. Abin da ya kamata a fara tambaya shi ne me zai koma ci idan ƙwaron da aka kawo shi dominsa ya yi ƙaranci.

A 1969 masanin ilimin muhalli William Murdoch ya bayyana cewa wasu mafarauta kan karkata ga nau'in da ya fi yawa a gabansu, har su ci shi fiye da kasonsa, sannan su juya ga wani idan lissafin ya canja. Dalilin a bayyane yake, domin wanda ya saba kama abu guda yakan gwanance a kansa, kuma neman abin da ya yi wuya ɓata ƙarfi ne. Wannan hali yana da amfani, tunda yana raya mafarauci a gona kafin annoba ta taso, amma shi ne kuma ke sa ya ƙyale ragowar maɓarnatan su sake hayayyafa.

Ƙwaro mai farauta Rodolia cardinalis, wanda aka kai Kaliforniya daga Ostireliya a 1888, ya ceci gonakin lemo ne saboda kusan ba ya cin komai sai ƙwaron da ke tsotse bishiyoyin. Harmonia axyridis kuwa, ɗan asalin Asiya, ba ya zaɓe. Yana cin masu tsotsar ganye, yana kuma cinye ƙwai da tsutsotsin 'yan'uwansa mafarauta, shi ya sa bazuwarsa a Turai ta zama abin damuwa.

Wanda ya fi sa ni tunani shi ne Nesidiocoris tenuis, da ake saki a gidajen renon tumatir a kudancin Sifen. Yana cin farin ƙuda da ƙwan Tuta absoluta (ƙwaron da tsutsarsa ke ɓarnata tumatir) yadda ya kamata, amma da zarar ya gama da su sai ya juya kan tumatirin da kansa, ya tsotsi kara da fure har furen ya zube. A ganina kuskure ne babba a sake shi a juya baya. Dole a riƙa ƙirga mafarauci da abin farautarsa tare, a kuma rage shi idan ya yi yawa alhali farin ƙudan ya ƙare.