Spaniel ɗin da ba a cika gani ba: abin da aiki ya koya mana

Yawancin masu neman Clumber ko Sussex, nau'o'i biyu na spaniel, wato karnukan farautar tsuntsaye, hoto ne ke kawo su. Sun ga kare mai dogayen kunnuwa da fuska kamar ta dattijo, sun ji an ce ba kowa ke da irinsa ba, sai ransu ya biya. Abin da aiki da waɗannan karnuka ya koya mana tun da wuri shi ne, idan nau'i ya yi ƙaranci, iyayen da za a haɗa ma sun yi ƙaranci, kuma a jikin ɗan kwikwiyo abin ke fitowa.

A Birtaniya, duk nau'in karen ƙasar ko na Ireland da ake yi wa rajistar 'yan kwikwiyo ƙasa da 300 a shekara, ƙungiyar rajistar karnuka ta Kennel Club kan sa shi cikin jerin waɗanda ake tsoron ɓacewarsu. Cikin spaniel, Sussex, Clumber, Field da Irish Water duk sun shiga wannan jeri. Sussex ma saura ƙiris ya ƙare lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Wata mai kiwo, Joy Freer, ita ta riƙe 'yan ƙalilan ta ciyar da su cikin ƙarancin abinci, kuma daga tsatsonsu na yau suka fito. Ke nan duk Sussex biyu da ka haɗa, akwai dangantaka, sai dai ta kusa ko ta nesa.

Shi ya sa takarda ke gaba da kwikwiyo. Akwai ma'aunin kusancin jini da ake lissafawa daga salsalar iyaye: barbarar wa da ƙanwa tana ba da kashi 25 cikin ɗari, waɗanda suka haɗa uba kawai 12.5, 'ya'yan wa da ƙani 6.25. Ka nemi wannan ma'auni na haɗin da ya haifi kwikwiyon, ka gwada shi da matsakaicin nau'in. Ka kuma duba ko sunan namiji ɗaya na ta maimaituwa a ɓangaren uwa da na uba. Karen da ya ci gasa kowa shi yake so, kuma da haka cutar da ke ɓoye a jikinsa ke bazuwa ko'ina cikin 'yan shekaru.

Clumber da Sussex suna da wata cutar gado da ake kira PDP1. Jiki kan kasa mayar da abinci ƙarfi yadda ya kamata, sai ka ga kare ya ɗan yi gudu ya zauna, ko ya zube. Gwajinta ba wuya, ana goga ɗan auduga a cikin kumatu a aika ɗakin gwaji. Idan uwa da uba duk suna ɗauke da ita a ɓoye, kowane kwikwiyo na da haɗarin ɗaya cikin huɗu na kamuwa. Idan ɗaya ne kawai ke ɗauke da ita, babu wanda zai kamu. A nan mutane kan yi gaggawa: da sun ji "yana ɗauke da ita" sai su ja da baya. A nau'in da iyayensa ba su da yawa, korar duk mai ɗauke da ita daga kiwo ƙara matse jinin ne. Mai kiwon da ya haɗa mai ɗauke da ita da mai tsabta, ya nuna maka sakamakon, ya san aikinsa.

Sai hoton X-ray na ƙashin ƙugu, don auna lafiyar gaɓar. A tsarin Birtaniya ana ɗauka bayan kare ya cika wata 12, kowane ɓangare maki 0 zuwa 53, jimla 106, kuma ƙaramin maki shi ne mai kyau. A duba ido ma, don fatar idon Clumber kan naɗe ciki gashi ya riƙa gogar ƙwayar, ko ta zazzago waje. Mai tsanani sai tiyata.

Wahalar yau da kullum a kunne take. Ramin kunnen kare yakan gangara ne sannan ya lanƙwasa, ga kuma kunnen spaniel ya rufe bakin ramin ruf, iska ba ta shiga. Danshi da ɗumi suka haɗu, ƙwayoyin cuta sun samu gida. Duk mako ka ɗaga kunnen ka sunsuna. Wari, ja, baƙin datti ko yawan kaɗa kai alamu ne. A zuba ruwan wankin kunne na karnuka, a murza gindin kunnen kamar daƙiƙa 30 har a ji yana motsi a ciki, a bar shi ya kaɗa kai, sannan a goge abin da ya fito da auduga. Tsinken auduga cusa dattin yake yi can ciki. Bayan iyo a busar da kunnen, bayan yawo cikin ciyawa kuma a duba tsakanin yatsu, don 'ya'yan ciyawa masu tsini kan huda fata su yi ƙurji.

Clumber kan kai kilo 25 zuwa 34, ga dogon baya ga gajerun ƙafafu, ga son ci. Ƙiba kaɗan ta isa ta matsa wa ƙugu da gadon baya. A auna abinci da sikeli, a riƙa shafa haƙarƙari. Idan sai an danna kafin a ji ƙashi, a rage. Kada a bar kwikwiyo yana dirowa daga mota ko kujera. Dalalar miyau, minshari da farin gashi a kan kowane tufa kuwa, ba su da magani. Sussex yana da baki, don an kiwata shi ne ya riƙa haushi yana bin sawu cikin sarƙaƙiya, kuma ba ya barin halin don ya shigo gida. Irish Water gashinsa mai murɗiya sai taza duk mako da aski kusan duk wata biyu. Masu kiwonsa kuma sun daɗe suna gargaɗi cewa magungunan sulfa, wasu magungunan kashe ƙwayoyin cuta, kan iya yi masa illa, don haka a faɗa wa likitan dabbobi tun ziyarar farko, ba lallai ya taɓa duba irinsa ba.

To me ake samu? Clumber da Sussex ba su da rawar kan 'yan uwansu spaniel, Cocker ko Springer na farauta. Suna tafiya a natse, hanci a ƙasa, suna manne wa mutanen gida, kuma tafiyar kamar awa ɗaya a rana da ɗan wasan neman abin da aka ɓoye kan ishe su. Field da Irish Water sun fi haka buƙatar aiki. Ana kuma iya daɗewa da su: wani Sussex mai suna Stump yana da shekara 10 ya lashe gasar karnuka ta Westminster a Amurka a 2009.

Babbar ribar, a ganinmu, mutanen ne. Tun da nau'in ba ya kasuwa, masu buga 'yan kwikwiyo don kuɗi ba su cika shiga ba. Masu kiwon sun san juna, sun san abin da ya kashe kakar karenka, da yawa kuma kan rubuta a yarjejeniya cewa idan ka gaza ka dawo musu da shi. Za su yi maka tambayoyi har ka gaji, su sa ka a layi, jiran kan kai shekara ko fiye. Wanda ya ce yana da Sussex a hannu yau, a turo kuɗi gobe a aiko, ka ce sai ka ga uwar tare da 'ya'yanta da takardun gwaji, kuma kada ka karɓi kwikwiyon da bai cika mako 8 ba.